RA'AYINMU: Yarjejeniyar Kano a Kan Yaƙin Cadi da Dalilan Rushewarta

A tsakiyar watan Maris na shekarar 1979 shugabannin ɓangarori huɗu da ke yaƙar juna a ƙasar Cadi suka sa hannu a kan wata takarda a Kano, a gaban wakilan Nijeriya da Nijar da Kamaru da Sudan da Libiya, suka yi alkawarin tsagaita wuta da kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. A wancan lokaci Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu duk suna cikin Jihar Kano, domin kuwa sai ran 27 ga watan Agusta na 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ashe ke nan mu ma muna cikin masu masaukin baƙi a wannan taro, kuma muna da hakkin tambayar abin da ya haifar. Abin takaici shi ne, in aka shiga sakatariyar jiha a yau, ko aka tsaya a ƙofar Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka tambayi mutum goma labarin Yarjejeniyar Kano, da wuya a sami biyu da za su iya faɗin ko wace ƙasa ta shafa. Wannan jarida tana ganin mantuwar tana da haɗari, domin Nijeriya ba ta daina shiga tsakanin maƙwabtanta ba, kuma an sake maimaita wasu daga cikin kurakuran 1979 a idonmu.

Kada wani ya ce ina ruwan mutumin Dutse da Cadi. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Shuwarin da Azare da Fataskum da Damaturu, ita ce ta zarce Maiduguri da Dikwa da Gamborun Ngala, ta tsallaka Kamaru ta faɗa Injamena. Tun kafin jirgin sama ya ɗauke wa alhazai wahala kakanninmu ke bin wannan nahiya a ƙasa, su ratsa Fort Lami, wato Injamena ta yau, da Abeshe, su shiga Sudan, kuma da yawa daga cikinsu sun yada zango a can har zuriyarsu ta zama 'yan ƙasa. Ruwan kogin Haɗejiya da na Jama'are yana haɗuwa ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi, shi ya sa jiharmu take cikin yankin da Hukumar Tafkin Cadi ke kula da shi, hukumar da Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka kafa a 1964. Shanu da raƙuman da ake saukewa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis kuwa, kowane dillali ya san wasu daga can suke fitowa. In wuta ta kama a Injamena, hayaƙinta yana iso mu.

Asalin rikicin ya girmi taron Kano da shekaru da dama. Cadi ta sami mulkin kai daga Faransa ran 11 ga watan Agusta na 1960 a ƙarƙashin Shugaba Tombalbaye, mutumin kudu, wanda bai jima ba ya soke jam'iyyun hamayya. A 1965 talakawan Mangalme suka yi wa masu karɓar haraji bore, a shekara mai bi kuma aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Frolina a garin Nyala na Sudan. Ƙungiyar ba ta daɗe a dunƙule ba, ta rarrabu bisa ƙabila da yanki da kuma wanda ke ba kowane reshe makamai. Libiya ta mamaye zirin Auzu a 1973. Soja suka kashe Tombalbaye a watan Afrilu na 1975 suka ɗora Janar Feliks Mallum. Da Gukuni Waddai ya kama Faya Larjo a farkon 1978 da taimakon Libiya, sai Mallum ya ga ba shi da mafita illa ya jawo abokin gabar Gukuni, wato Husaini Habre, ya naɗa shi firayim minista a watan Agusta na shekarar. Aka sami shugaban ƙasa da sojojinsa, da firayim minista da nasa sojojin, a gari ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi gyangyaɗi.

Ran 12 ga watan Fabrairu na 1979 wata hatsaniya a kan yajin karatu a makarantar sakandare ta Feliks Ebuwe ta zama sanadin ɓarkewar yaƙi a tsakiyar Injamena. Ya kamata ɗalibanmu su lura da wannan, cewa daga harabar makaranta abin ya taso, amma masu bindiga suka karɓe shi daga hannun 'yan makaranta cikin sa'o'i kaɗan. Mutanen kudu suka yi ta gudu daga babban birnin, a kudu kuma aka far wa Musulmi 'yan kasuwa a garuruwa irin su Mundu da Sar, aka kashe jama'a masu yawa ta kowane ɓangare. Gukuni ya shigo birnin da mayaƙansa. Gwamnati ta zama suna kawai.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kira taro a Kano, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya shugabance shi. Waɗanda suka sa hannu su ne Mallum, da Habre, da Gukuni, da Abubakar Abdurrahman, shugaban wata ƙaramar ƙungiya da ke da sansani a yankin Tafkin Cadi. Aka amince a tsagaita wuta, a fitar da mayaƙa daga Injamena har nisan kilomita 100, a yi wa kowa ahuwa, a saki fursunonin siyasa, a rushe hukumomin mulkin da ake da su, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin kan ƙasa, sojojin Nijeriya kuma su tsare birnin. Ran 23 ga watan Maris Mallum da Habre suka sauka daga muƙamansu, aka damƙa wa Gukuni shugabancin majalisar wucin gadi.

Wajibi ne a faɗi alherin wannan taro kafin a faɗi aibinsa. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani ƙasashen Afirka su zauna su sasanta yaƙin basasar maƙwabciyarsu ba tare da an jira Faris ta kira taro ba. Haka kuma ba ƙaramin abu ba ne shugaban ƙasa mai ci, janar na soja, ya yarda ya ajiye mulki ya fita da ransa. Nijeriya ta ba Mallum mafaka, ya zauna a nan shekara 23, sai a 2002 ya koma gida. Wannan dabara ta buɗe wa shugaban da ya zama ƙarfen ƙafa ƙofar fita da mutuncinsa ta yi wa Afirka ta Yamma amfani daga baya. Waɗanda suka shirya taron Kano sun yi shi da niyyar kashe wuta a gidan maƙwabci, kuma mun yaba musu.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana gini rushewa in tubalin ɗanye ne. Aibi na farko yana cikin jerin waɗanda aka gayyata. An kira masu bindigar da ke cikin Injamena, aka bar wasu a waje, irin su Ahmad Asil da Dokta Abba Siddik, waɗanda suke da magoya baya da kuma ƙasashen da ke tsaya musu. Ita kuwa ƙaramar ƙungiyar yankin tafki, wadda ba ta kai sauran ƙarfi ko kusa ba, ta sami kujera daidai da manya, kuma kowa a zauren ya ɗauka cewa Nijeriya ce ta ɗaure mata gindi. Daga ranar nan mai shiga tsakani ya rasa rabin kwarjininsa, domin mai rabon faɗa in aka hango ɗan sandansa a bayan riga, babu wanda zai sake miƙa masa wuyansa. Libiya tana da nata 'yan lele, Sudan da nata, Faransa kuma tana da sojoji a cikin birnin. Kowane mai shaida a kan takardar yana da doki a cikin sukuwar.

Da aka sake taruwa a Kano a farkon watan Afrilu domin a shigo da waɗanda aka bari, sai Habre da Gukuni suka ƙi yarda a raba da su abin da suka riga suka kama. Hukumomin Nijeriya suka matsa musu har da tsare su na ɗan lokaci a masaukinsu, abin da bai ƙara kome ba sai gaba. Suna komawa gida suka kafa gwamnati a ƙarshen watan, suka ɗora Lol Muhammad Shuwa a kan kujerar shugaba, Gukuni ya riƙe harkokin cikin gida, Habre ya riƙe tsaro. Maƙwabta suka ƙi amincewa da ita. Nijeriya ta toshe wa Cadi man fetur da kayan masarufi. Sojojinmu da ke Injamena a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Magoro, waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba a cikin birnin da ke cike da dubban mayaƙa, aka wayi gari ana kallonsu a matsayin 'yan mamaya, kuma a watan Yuni suka tattara suka dawo gida. Sharaɗin nan na kilomita 100 bai taɓa aiki ba ko na yini guda.

Masu nazarin tarihin ƙasar Kano ba za su yi mamakin wannan ba. A 1893, da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur alhali rinjayen 'ya'yan sarki da bayin sarki yana wajen Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Yusufawa suka fice suka yi sansani a Takai, nan kusa da mu, aka yi Basasa har Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. Naɗin da aka yi daga nesa ba tare da auna ƙarfin da ke ƙasa ba, ko da mai naɗin yana da iko da alfarma, jini ya biyo bayansa.

Bayan taro biyu a Kano sai aka koma Legas. Ran 21 ga watan Agusta na 1979 ɓangarori 11 suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Legas, wadda ta gyara kuskuren gayyata, ta kuma tanadi cewa sojojin kiyaye zaman lafiya za su fito ne daga ƙasashen da ba su da iyaka da Cadi, wato Kwango da Gini da Benin, sojojin Faransa su fice, a yi zaɓe cikin wata 18. A watan Nuwamba aka kafa gwamnatin: Gukuni shugaba, Kanar Kamuge na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro, Ahmad Asil ministan harkokin waje. A takarda babu abin da ya rage.

A nan ne babban aibin ya fito fili, kuma a kansa muke so ma'aikatanmu da ɗalibanmu su daɗe suna tunani. An raba kujeru kafin a karɓi bindigogi. Kowane minista ya shiga ofis da rundunarsa tana jiransa a bakin ƙofa, kowace runduna tana da unguwarta da shingenta da harajin da take karɓa. Ma'aikatar tsaro, wadda aikinta ne ta narkar da rundunonin nan su zama sojan ƙasa guda, aka miƙa ta ga mutumin da ya fi kowa ƙudurin cewa tasa rundunar ce za ta haɗiye sauran. Sa'an nan duk wanda ke cikin gwamnatin yana da damar tsayawa zaɓen da za a yi, saboda haka watanni 18 ɗin suka zama lokacin tara harsashi. Wane ne zai ajiye makaminsa yau alhali ya san gobe da shi za a ƙirga ƙuri'a? Game da masu tsaron sulhun kuwa, Gini da Benin ba su aika ko soja ɗaya ba saboda rashin kuɗi da jiragen ɗauka. Kwango ta aika 'yan ɗaruruwa a watan Janairu na 1980, suka zauna a bariki. Babu wanda ya rubuta a cikin yarjejeniyar wanda zai biya kuɗin abincinsu, balle abin da za su yi in wani ya karya alkawari.

A watan Maris na 1980, shekara guda cif bayan taron Kano, yaƙi ya sake ɓarkewa a Injamena tsakanin shugaban ƙasa da ministan tsaronsa. Sojojin Kwango suka fice. Wata tara ana ruwan wuta a birnin, jama'a suka tsallaka kogin Shari zuwa Kuseri ta Kamaru, wasu suka gangaro Borno. Gukuni ya nemi taimakon Kanar Gaddafi, tankokin Libiya suka shigo, Habre ya gudu a watan Disamba. Ran 6 ga watan Janairu na 1981 aka ba da sanarwar shirin haɗe Cadi da Libiya su zama ƙasa ɗaya. Wato abin da Nijeriya ta kira taron Kano domin ta hana, sojan Libiya a bakin Tafkin Cadi, shi ne ya tabbata.

Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta sake gwadawa. Bayan Libiya ta janye a watan Nuwamba na 1981, aka tura rundunar sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Gukuni ya ɗauka sun zo ne su yi masa yaƙi, su kuwa sun ce sun zo ne su tsaya a tsakani. Kuɗin da ƙungiyar ta yi alkawari bai zo ba, nauyin ya faɗo a kan baitulmalin Nijeriya. Habre ya taso daga iyakar Sudan ya kewaye sansanoninsu, ya shiga Injamena ran 7 ga watan Yuni na 1982. Kafin shekara ta zagayo sojojinmu da nasa sun yi arangama a kan tsibiran Tafkin Cadi a 1983.

Akwai masu cewa wannan tarihi ya nuna zaman teburi ɓata lokaci ne, a bar mai ƙarfi ya ci yaƙi kowa ya huta. Muna roƙonsu su dubi abin da cin yaƙin ya haifar. Habre ya yi mulki daga 1982 zuwa watan Disamba na 1990, lokacin da tsohon kwamandansa Idris Debi ya kore shi. Hukumar binciken da gwamnatin Cadi ta kafa ta ƙiyasta a rahotonta na 1992 cewa mutum 40,000 aka kashe a zamaninsa. Ran 30 ga watan Mayu na 2016 wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a 2021 yana cikin wa'adin. Shi ma Debi a fagen fama da 'yan tawaye ya rasu a watan Afrilu na 2021, bayan shekara 30 a kan mulki. Ahuwar da aka yi wa kowa da kowa a Kano, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya jinin da aka zubar a watan Fabrairu ba, ta koya wa madugan yaƙi cewa kisa hanya ce ta samun kujera a teburi. Har a yarjejeniyar Doha ta ran 8 ga watan Agusta na 2022 an sake ganin alamar tsohuwar cutar, domin ƙungiyoyi kusan 40 sun sa hannu amma wadda ta yi sanadin mutuwar Debi ta ƙi.

A cikin wannan dogon labari akwai wuri guda da takarda ta yi aiki. Rigimar zirin Auzu, wadda aka zubar da jini a kanta shekaru da yawa, ta ƙare ne da Cadi da Libiya suka kai ƙara Kotun Duniya. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1994 kotun ta ba Cadi gaskiya bisa yarjejeniyar da Faransa da Libiya suka ƙulla a 1955, kuma kafin ƙarshen watan Mayu Libiya ta janye a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambayar a bayyane take, alƙalin ba shi da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai, an kuma sa ranar janyewa da wanda zai tabbatar.

Nijeriya ta koyi wani abu daga Cadi, ko da yake a hankali. A Lome a 1999 an maimaita kuskuren, aka yi wa Fode Sanko na Saliyo ahuwa aka kuma ba shi shugabancin hukumar da ke kula da ma'adinai, sulhun ya wargaje a watan Mayu na 2000. Amma a taron Akra na ƙasar Gana, wanda Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta, aka sa hannu ran 18 ga watan Agusta na 2003 a kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Laberiya, kuma duk wanda ya ajiye ta kusa da ta Kano zai ga bambanci. An zaunar da jam'iyyun siyasa da ƙungiyoyin jama'a tare da masu bindiga, matan Laberiya ma suka tare ƙofar zauren suka hana wakilai fita sai sun daidaita. An hana madugan yaƙi shugabancin gwamnatin riƙo, aka ba wani ɗan kasuwa, Gyude Bryant, aka kuma haramta masa tsayawa zaɓe. Sojojin Nijeriya sun sauka Monrobiya tun ran 4 ga watan, kafin a sa hannu, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓi aikin a watan Oktoba da izinin soja 15,000 da kuɗin da za a biya su. Charles Taylor ya bi sawun Mallum ya zo Kalaba, amma wannan karon mafakar ba ta zama kariya daga shari'a ba: a Gamborun Ngala aka kama shi a watan Maris na 2006 yana neman tsallakawa. Gwamnatin riƙon Laberiya ba ta tsira daga cin hanci ba, domin an raba wa ɓangarori ma'aikatu sun yi ta wawura. Duk da haka an karɓi makamai, an yi zaɓe a 2005, yaƙin bai dawo ba.

Darasin da ba mu koya ba shi ne na toshe iyaka. Takunkumin man fetur na 1979 ya taimaka wajen kai ɓangarorin Cadi Legas, amma bai sa sun riƙe alkawari ba, ya kuma bar wa mutanen Injamena ɗacin da ya daɗe. Bayan juyin mulkin da aka yi a Jamhuriyar Nijar ran 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka yi barazanar kai soja. Mutanen Maigatari da Babura da Gumel sun san wanda ya ɗanɗana kuɗar wannan mataki, haka ma 'yan kasuwar Shuwarin da masu motocin ɗaukar dabbobi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024 ba tare da sojojin Yamai sun sauka ba, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, a watan Maris kuma Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Cadi mai hedkwata a Injamena. Da waɗanda suka yanke shawarar sun karanta fayil ɗin 1979, da wataƙila sun tambayi kansu abin da za su yi in takunkumin bai yi aiki ba. Jihar da ke bakin iyaka tana da hakkin a ji ta bakinta kafin a ɗauki irin wannan mataki, musamman jihar da ɗanta Alhaji Sule Lamido ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1999 zuwa 2003, aka kuma naɗa wani ɗanta, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, ministan tsaro a 2023. Ba mu rasa mutanen da suka san kan al'amarin ba.

Ma'aikacin gwamnati a Dutse ba zai sasanta yaƙin wata ƙasa ba, amma kowace kaka akan kira shi ya rubuta takardar sulhu tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali ko mashaya ko gonar da aka yi wa ɓarna. Irin tambayoyin da Kano da Legas suka kasa amsawa su ne za su zo gabansa. Shin an kira duk wanda abin ya shafa, har da baƙin makiyayan da ke wucewa waɗanda ba su da ardo a garin, ko kuwa an tara waɗanda suka fi kusa da sakatariya ne kawai? Shin shugaban zaman yana da gona a cikin burtalin da ake magana a kai? Wa zai kafa alamun iyaka, da wane kuɗi, a wane wata? In wani ya saɓa, wa zai kama shi, gaban wane alƙali za a kai shi? In an yi kisa, an biya diyya ko an gurfanar da wanda ya yi, ko kuwa an ce a yafe a manta domin a samu a ɗauki hoto a tashi? Takardar da ba ta amsa waɗannan ba za ta kai damina mai zuwa ne kawai. Muna ba Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha shawara ya sa wannan fanni cikin horon da ake ba jami'an mulki da sakatarorin ƙananan hukumomi, tare da hakimai da dagatai na masarautar Dutse da sauran masarautun jihar, waɗanda su ne ke zama da jama'a bayan manyan baƙi sun koma.

Kira na biyu ga Gwamnatin Tarayya ne. Shekaru fiye da 40 sun wuce, babu sauran wani sirrin tsaro da zai hana a buɗe takardun tarukan Kano da Legas. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Waje da rundunar soja su miƙa kwafen bayanan zaman, da rahotannin Kanar Magoro da na Janar Ejiga, ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa da Gidan Mambayya na Kano, inda ɗalibi zai iya zuwa ya karanta. A halin da ake ciki mafi yawan abin da aka rubuta a kan taron da aka yi a ƙasarmu, da Faransanci ko Turanci yake, daga alƙalamin waɗanda suka kalle mu daga waje.

Lokaci kuma yana ƙurewa. Janar 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, Mallum a 2009, Kamuge a 2011, Lol Muhammad Shuwa a 2019, Habre a 2021. Amma a garuruwan jihar nan da maƙwabtanta akwai tsofaffin sojojin da suka je Injamena a 1979 ko a 1981, da direbobin da suka yi jigilar kaya a kan hanyar Gamboru, da iyalan da suka gudo suka zauna tare da mu. Muna kira ga sassan tarihi da kimiyyar siyasa na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su tura ɗalibansu na shekarar ƙarshe su nemo waɗannan mutane ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojoji da masu unguwanni, su ɗauki maganarsu da Hausa, su rubuta ta, a ajiye kwafe a ɗakin karatu na jiha. Gwamnatin jiha kuma ta ware kuɗin mota da na na'urar ɗaukar magana a cikin kasafin ma'aikatar ilimi mai zurfi na shekara mai zuwa, domin aikin ba ya bukatar fiye da haka.